Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabar Hukumar Ofcom Kan Dokar Kare Yara a Intanet

Zuwa ga Dame Melanie Dawes,
Shugabar Hukumar Ofcom,
Landan, Birtaniya.

Ranki ya daɗe,

Dokar Kariya a Intanet ta Birtaniya ta samu amincewar Sarki ranar 26 ga Oktoba, 2023, kuma hukumar Ofcom aka ɗora wa nauyin aiwatar da ita. Dokar ta ba hukumar ikon cin kamfani tarar da ta kai fam miliyan 18, ko kashi 10 cikin ɗari na cinikin da ya yi a duniya cikin shekara, duk wanda ya fi yawa. Ta kuma ba ta damar neman kotu ta toshe shafi daga ƙasar, ko ta yanke masa hanyoyin samun kuɗi. Bisa ƙiyasin hukumar da kanta, shafuka da manhajoji fiye da 100,000 ne dokar ta shafa, yawancinsu ma ba a Birtaniya suke ba. Ranar 17 ga Maris, 2025 aka fara tilasta ɓangaren da ya shafi abubuwan da doka ta haramta, sannan ranar 25 ga Yuli, 2025 ɓangaren kare yara ya fara aiki, wanda ya wajabta tantance shekarun masu shiga wasu shafuka. Wannan wasiƙa ta tattara ƙorafe-ƙorafen da suka biyo baya, domin mafi yawansu suna da magani a hannun hukumar da Mai girma Shugaba ke jagoranta.

Dalilin kafa dokar ba abin musu ba ne. A watan Nuwamba na 2017 wata yarinya 'yar shekara 14 daga Harrow, Molly Russell, ta rasu ta hanyar cutar da kanta. Binciken musabbabin mutuwarta, wanda aka kammala a Satumba na 2022, ya gano cewa a cikin wata shida na ƙarshen rayuwarta ta adana, ko ta yaɗa, ko ta nuna sha'awa ga abubuwa 16,300 a Instagram, kuma 2,100 daga ciki sun shafi ƙuncin rai da cutar da kai da kisan kai. Pinterest ma ya riƙa tura mata saƙonnin imel yana ba ta shawarar ƙarin irin waɗannan hotuna. Jami'in binciken, Andrew Walker, ya yanke cewa abin da ta gani a intanet ya taimaka wajen mutuwarta. Abin lura a wannan shari'a shi ne yarinyar ba ta nemi wasu daga cikin abubuwan da ta gani ba. Tsarin kamfanonin ne, wanda ke lura da abin da mutum ya tsaya ya kalla sannan ya ƙaro masa irinsa, ya riƙa cusa mata su dare da rana. Ƙungiyoyin da ke sukar dokar, irin su Open Rights Group da Big Brother Watch da Index on Censorship, ba su taɓa cewa a bar yara a wannan hali ba. Saɓaninsu da gwamnati a kan hanya yake, da kuma farashin da aka ɗora wa kowa da kowa.

Ƙorafi na farko ya shafi sirri. Hukumar ta ƙi amincewa da tsohuwar hanyar da mutum zai latsa maɓalli ya ce ya haura shekara 18. Hanyoyin da ta yarda da su sun haɗa da ƙiyasta shekaru daga hoton fuska, da nuna fasfo ko lasisin tuƙi a gwada shi da fuskar mai shi, da duba katin bashi na banki, da tambayar banki ko kamfanin layin waya, da bin diddigin inda aka taɓa amfani da adireshin imel. A aikace, magidanci mai shekara hamsin da ya buɗe Reddit domin karanta wata tattaunawa da aka yi wa alamar ta manya zai tarar da ƙofa a rufe. Za a umarce shi ya kunna kyamarar wayarsa, ya daidaita fuskarsa cikin da'ira, ya waiwaya dama da hagu, ko kuma ya ɗauki hoton fasfonsa. Hoton ba Reddit zai je ba, wani kamfani ne na Amurka mai suna Persona zai karɓa, kamfanin da mutumin bai taɓa jin sunansa ba, bai kuma zaɓe shi ba. Spotify ya ɗauki kamfanin Yoti, Discord da Bluesky kowanne da nasa. Da haka miliyoyin manya suka wayi gari suna miƙa fuskokinsu da takardun shaidarsu ga kamfanoni daban-daban kafin su karanta abin da doka ba ta haramta musu ba.

Hatsarin wannan tsari sananne ne tun da daɗewa. Dokar Tattalin Arzikin Dijital ta 2017 ta taɓa tanadar tantance shekaru a shafukan batsa, amma bayan ɗage-ɗage gwamnati ta yi watsi da shirin a Oktoba na 2019, kuma tsoron tara bayanan jama'a a rumbu guda yana cikin manyan abubuwan da aka soke shi da su. Abin da ake tsoron ya tabbata a Oktoba na 2025, lokacin da Discord ya sanar cewa masu kutse sun shiga rumbun wani kamfani da ke kula masa da koken abokan hulɗa, kuma mai yiwuwa sun samu hotunan takardun shaida na kimanin mutum 70,000 a faɗin duniya. Waɗannan mutane sun tura takardun ne domin su ƙalubalanci hukuncin da aka yanke kan shekarunsu. Wanda aka sace wa lambar sirri zai canza ta cikin minti guda, amma wanda aka sace wa hoton fuska da ranar haihuwa da lambar fasfo zai zauna da fargaba shekara da shekaru. Idan kuma bayanin ya haɗu da sunan shafin da mutum ya ziyarta, ya zama makamin tozarci da tatsar kuɗi a hannun miyagu.

Waɗanda abin ya fi cutarwa su ne masu rauni. Matar da mijinta ke dukanta tana neman shawara a ɓoye, da matashin da ke ƙoƙarin barin ƙwaya, da mai fama da cutar da yake jin kunyar faɗa, duk suna zuwa intanet ne saboda a can ba a tambayar suna. Da zarar an ce sai sun nuna fuska, da yawansu za su juya su haƙura da taimakon. Akwai kuma manya da ba su da fasfo ko lasisi ko katin bashi, ga shi na'urar ƙiyasta shekaru ta fi yin kuskure a kan waɗanda ke gab da shekara 18, sama ko ƙasa. Duk da haka babu tsarin rajista na dole ga kamfanonin tantancewa. Ofcom tana duba ko hanyar tana tace yara yadda ya kamata, Ofishin Kwamishinan Bayanai kuma yana duba kiyaye bayanai, sai mai amfani da shafi ya rasa wanda zai riƙe tun kafin ɓarna ta auku.

Ƙorafi na biyu ya shafi toshe magana. Dokar ta lissafa abubuwan da dole a hana yara gani ɗungurungum: batsa, da abin da ke ƙarfafa kisan kai ko cutar da kai ko ƙauracewa abinci har a lahanta. Ta kuma lissafa wasu da za a kare yara daga gare su gwargwadon shekarunsu, kamar tsananin tashin hankali da cin zarafi da kalaman ƙiyayya. Matsalar tana cikin yadda aka raba hukunci. Kamfanin da ya bar abu mai cutarwa ya wuce yana fuskantar tarar biliyoyi, wanda kuwa ya rufe halastaccen labari bisa kuskure da wuya ya yi asarar ko kwabo. Duk lauyan kamfani da ya auna wannan zai ba da shawarar a rufe duk abin da ake shakka a kansa, a kuma bar aikin ga na'ura, wadda ba ta bambanta rahoton yaƙi da yabon kisa.

Sakamakon ya bayyana tun a makon farko. Sashen tantance labarai na BBC ya gano cewa an rufe wasu hotunan bidiyo na yaƙin Gaza da na Ukraine a X da Reddit ga duk wanda bai tabbatar da shekarunsa ba. An rufe jawabin da 'yar majalisa Katie Lam ta yi a zauren Majalisar Wakilai kan gungun mazan da suka yi lalata da ƙananan 'yan mata a wasu garuruwan Ingila, jawabin da ke rubuce a kundin majalisa kowa na iya karantawa. Har wani shahararren zane na Francisco Goya, ɗan ƙasar Sifaniya, wanda ke rataye a gidan tarihi na Prado a Madrid, bai tsira ba. Gwamnati ta amsa cewa doka ba ta buƙaci a rufe waɗannan ba, kamfanoni ne suka wuce gona da iri. Amsar gaskiya ce a rubuce, amma ba ta wanke dokar ba, domin ana auna doka da abin da take haifarwa a ƙasa. Ƙari a kan haka, sassan dokar da suka wajabta wa manyan kamfanoni kare aikin jarida da muhawarar siyasa ba su fara aiki ba a ranar da sassan rufewa suka fara.

Yaran da ake son karewa su ma suna da haƙƙin sani. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Birtaniya ta amince da ita a 1991, ta tanadi 'yancin faɗar ra'ayi a sashe na 13, da kare sirri a sashe na 16, da samun bayanai a sashe na 17. A Scotland da Wales ɗan shekara 16 yana kaɗa ƙuri'a a zaɓen majalisun yankin, kuma a watan Yuli na 2025, watan da aka fara tantance shekaru, gwamnati ta sanar da aniyarta ta rage shekarun zaɓe zuwa 16 a duk ƙasar. Bai dace a ce wanda aka yarda ya zaɓi ɗan majalisa an hana shi sauraron jawabin ɗan majalisa ba, ko ganin yaƙin da gwamnatin da zai zaɓa take yanke shawara a kansa.

Ƙorafi na uku ya shafi ƙananan shafuka da ayyukan sa-kai. Meta da Google suna da rundunar lauyoyi da ke iya narkar da dubban shafukan ƙa'idojin da hukumar ta wallafa. Mutum guda da ke kula da dandalin masu sha'awa ɗaya a lokacin hutunsa ba shi da wannan. A Disamba na 2024 mai kula da wani tsohon dandali na masu hawan keke a Landan ya sanar cewa zai rufe shi, tare da wasu ɗaruruwan ƙananan dandali da yake ɗauke da su, saboda ba zai iya ɗaukar kasadar dokar a wuyansa ba. Wasu shafukan ƙasashen waje sun zaɓi su rufe ƙofa ga mazauna Birtaniya baki ɗaya. Hukumar ta sha cewa za ta yi sassauci ga ƙananan shafuka marasa hatsari, amma alƙawarin baki ba ya kare mutum a gaban kotu. Duk ƙaramin dandalin da ya mutu, jama'arsa suna komawa ne manyan shafukan da tsarinsu ya jawo dokar tun farko.

Batun Wikipedia ya fi nuna yadda ma'aunin ya karkace. Ƙa'idojin da ke rarraba shafuka aji-aji sun dogara ne da yawan masu amfani da wasu siffofin fasaha, don haka Wikipedia na iya faɗawa aji na ɗaya, wanda aka tanada domin manyan shafukan sada zumunta. Shafin da ke wannan aji dole ya samar da hanyar tabbatar da ko wane ne mai amfani, ya kuma ba mutum damar toshe waɗanda ba a tantance ba. A kundin sani da 'yan sa-kai ke rubutawa suna gyara wa juna, wannan na nufin mai yaɗa ƙarya zai iya hana masu gyara taɓa rubutunsa, su kuma masu gyaran sai sun bayyana kansu. Wannan ba ƙaramin hatsari ba ne, domin an kama wani editan Wikipedia a Belarus a 2022, an kuma ɗaure wasu a Saudiyya. Gidauniyar Wikimedia ta kai ƙara Babbar Kotu a Landan, kotun ta kori ƙarar ranar 11 ga Agusta, 2025, amma alƙalin ya ja kunne cewa hukuncin bai ba Ofcom ko minista izinin kafa tsarin da zai gurgunta aikin Wikipedia ba. Masu rubuta Wikipedia da Hausa da sauran harsuna fiye da 300 a kan dandali ɗaya suke aiki, kuma duk canjin da aka tilasta masa zai iya riskarsu.

Ƙorafi na huɗu, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne sashe na 121 na dokar. Wannan sashe ya ba hukumar ikon umartar kamfani ya yi amfani da fasahar da aka amince da ita wajen gano hotunan lalata da yara, har a cikin saƙonnin da mutane ke aika wa juna a keɓe. Manufar mai kyau ce, domin wannan laifi yana cikin mafi muni. Amma WhatsApp da Signal suna kulle saƙo ne tun daga wayar mai aikawa, ba ya buɗuwa sai a wayar mai karɓa, kamfanin kansa ba ya iya karantawa. Hanyar bincika irin wannan saƙo ita ce a karya kullen, ko a dasa mai leƙen asiri a cikin kowace waya ya duba saƙo kafin a kulle shi. Apple ya sanar da shiri makamancin wannan a Agusta na 2021, masana tsaron kwamfuta suka nuna illolinsa, ya janye shi a Disamba na 2022. Shugabannin Signal da WhatsApp sun fito fili sun ce gara su bar Birtaniya da su raunana kullen. A Satumba na 2023 minista Lord Parkinson ya shaida wa Majalisar Dattawa cewa ba za a ba da umarnin ba sai inda fasaha za ta iya, amma ba a sauya ko harafi ɗaya na sashen ba. A Fabrairu na 2024 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam, a shari'ar Podchasov da Rasha, ta yanke cewa tilasta raunana irin wannan kulle ya saɓa wa sashe na 8 na yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan adam ta Turai, wadda Birtaniya ma ta sa wa hannu. Manhaja ɗaya ce a Landan da Kano da Damagaram, kuma ƙofar da aka fasa domin wata gwamnati, wasu gwamnatoci da masu kutse za su bi ta cikinta.

Bayan duk wannan farashi, akwai tambayar ko shingen yana tsare yara. A kwanakin farko manhajojin VPN, masu ɓoye ƙasar da mutum yake, sun mamaye jerin waɗanda aka fi saukewa a Birtaniya, kamfanin Proton ya ce masu rajista daga ƙasar sun ƙaru da kashi 1,400 cikin ɗari. Wasu sun yaudari na'urar duba fuska ta Discord da fuskar wani jarumi na wasan kwamfuta mai suna Death Stranding. Yaron da ya ƙware a waya zai tsallake, wanda bai ƙware ba kuma zai iya faɗawa shafukan da ba sa bin kowace doka, inda abin da ke ciki ya fi muni, ko manhajojin VPN na kyauta masu sayar da bayanansa. Ƙa'idojin hukumar sun tanadi cewa kamfanoni su gyara tsarin da ke zaɓo wa yara abin kallo, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi kusa da abin da ya faru da Molly Russell. Sai dai mahaifinta da gidauniyar da aka kafa domin tunawa da ita sun ce ƙa'idojin ba su yi ƙarfin da ya kamata ba. Idan masu kare sirri suna cewa an matsa wa jama'a, iyayen da suka rasa 'ya'ya kuma suna cewa an sassauta wa kamfanoni, to an bar jaki ana dukan taiki.

Yadda aka karɓi sukar ma abin damuwa ne. Fiye da mutum 500,000 sun sa hannu a takardar koken da ke neman a soke dokar, gwamnati ta ce ba ta da niyyar yin haka. Ministan fasaha na lokacin, Peter Kyle, ya zargi ɗan siyasar adawa Nigel Farage da tsayawa a ɓangaren masu lalata da yara saboda ya yi alƙawarin soke ta. Irin wannan furuci yana rufe bakin masana da iyaye da lauyoyi masu son a gyara dokar ba tare da an rushe ta ba. Duniya kuma tana kallo. Ostareliya ta fara hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafin sada zumunta daga 10 ga Disamba, 2025, jihohi da dama a Amurka sun kafa nasu dokokin tantance shekaru. Gwamnatocin da ba su da kotuna masu cin gashin kansu za su kwafi ikon toshewa da na neman takardar shaida, su kafa hujja da Birtaniya, su bar kariyar da ke tare da su.

Akwai hanyoyin da suka fi wannan. Hukumar Arcom ta Faransa ta wajabta wa shafukan batsa su samar da aƙalla hanya ɗaya wadda kamfanin tantancewa ba zai san shafin da mutum zai shiga ba, shafin kuma ba zai san ko wane ne mutumin ba. Tarayyar Turai ta fara gwajin manhajar da ke tabbatar da cewa mutum ya haura 18 ba tare da ta bayyana sunansa ba. A Birtaniya kanta, ƙa'idar tsara shafuka daidai da shekarun yara, wadda ta fara aiki sosai a Satumba na 2021, ta sa manyan kamfanoni sun rufe asusun yara daga baƙi tun daga farko, sun kuma rage sanarwar da ke tashin su da dare, ba tare da an nemi fasfon kowa ba.

Saboda haka ana roƙon Mai girma Shugaba ta yi amfani da ikon da ke hannunta a kan abubuwa shida. Hukumar ta haɗa kai da Ofishin Kwamishinan Bayanai su gindaya sharaɗin cewa ba za a adana hoton fuska ko takardar shaida ba bayan an tantance, a riƙa binciken kamfanonin tantancewa ana wallafa sakamakon. Ta wajabta a bai wa kowane mai amfani zaɓin hanyar da ba ta bayyana sunansa. Ta ɗauki rufe halastaccen labari a matsayin saɓa ƙa'ida, ta tilasta wa kamfanoni su bayyana adadin abin da suka rufe, su kuma saurari ɗaukaka ƙara cikin gaggawa. Ta fitar da kariya a rubuce ga ƙananan shafukan sa-kai, ta kuma tabbatar Wikipedia ba ta faɗa aji na ɗaya ba. Ta bayyana a fili cewa ba za ta yi amfani da sashe na 121 wajen karya kullen saƙonni ba. Sannan ta karkata ƙarfin bincikenta da tararta ga tsarin da ke cusa wa yara abin da ba su nema ba. Inda gyaran ya fi ƙarfin hukumar, doka ta riga ta ɗora mata fitar da rahoto kan yadda tantance shekaru ke aiki, kuma a nan ne ya kamata ta faɗa wa majalisa gaskiya ba tare da rufa-rufa ba. Yaran Birtaniya suna da haƙƙin a kare su, suna kuma da haƙƙin su girma a ƙasar da mutum zai karanta labari ya aika saƙo ba tare da ya nuna takardar shaida ba. Ana fatan Mai girma Shugaba za ta tsare musu haƙƙoƙin nan biyu tare.

A huta lafiya.

Daga wani mai bibiyar harkokin sadarwa da haƙƙin jama'a.